Zaren nan mai sauya launi da kansa: yadda na same shi a saƙar gyale

Duk mai riƙe kwarashi ta taɓa ganin zaren nan da ake naɗewa a faffaɗan dunƙule, launinsa ya fara da duhu daga waje ya yi ta washewa har tsakiya. Nawa rabi auduga ne rabi akirilik (wato zaren roba), tsawonsa mita 1000, nauyinsa wajen giram 250, ya tashi daga shuɗi mai duhu ya ƙare a ruwan toka. Gyale mara nauyi nake so, wanda za a yafa a kafaɗa ba tare da an yi gumi ba, kuma dunƙule ɗaya ya wadatar.

Abin da takardar jikinsa ba ta faɗa ba shi ne zaren ba murzajje ba ne. Sili huɗu ne sirara aka jera gefe da gefe, ba a murɗe su ba. Shi ya sa saƙar take fitowa da laushi tana zuba a jiki, shi ya sa kuma yake ba da wahala. Kina zura kwarashi ki jawo, sai sili uku su biyo, na huɗu ya maƙale a baya ya yi ɗan kunne a fuskar saƙa. Ba ki ankara ba sai kin yi layi biyu gaba. Kwarashi mai tsinin kai ya fi haddasa haka. Na alminiyam mai zagayayyen kai ya rage matsalar ƙwarai, haka ma zura silin duka ta cikin ƙaramin dutsen ado kafin a fara, don ya riƙa haɗa kansu.

Sauyin launin kuwa, a nan zaren ya burge ni. Sili ɗaya ake yankewa a ƙulla masa sabon launi, can gaba a sake yi wa na biyu, har huɗun su sauya. Ido ba ya kama inda shuɗi ya ƙare. Sai dai kowane sauyi yana zuwa da ɗan ƙulli. Kada ki yanke shi, ki tura shi bayan saƙa kawai, ba ya kwancewa.

Takardar ta ce a yi amfani da kwarashi mai milimita 3. Ni da mai 4 na yi, da saƙa mai manyan idanu kamar raga, yawancinta sarƙa. Da ƙaramin kwarashi gyalen yakan yi tauri ya tsaya ƙiƙam a wuya, alhali taushin ake nema. Ki kula da hannunki kuma, domin auduga ba ta da talewa irin ta ulu. Ranar da kika saƙa da fushi kika matse zare, layin zai nuna.

A lissafa faɗi tun farko. Idan gyalen ya kai tsawon da kike so zare bai ƙare ba, launin ƙarshe ya tafi a banza, kuma don shi aka sayi dunƙulen. Na riƙa ɗora ragowar a ma'auni ina duba giram nawa layi goma ke ci.

Na jawo zaren daga tsakiya. Da aka kusa ƙarshe dunƙulen ya rufta ya fara cukuikuyewa, sai da na sa shi cikin ƙaramar jaka. Da na wanke gyalen da ruwan sanyi bai zubar da launi ba, na shimfiɗa shi a kan tawul na kafe gefunan da fil, idanun suka buɗe ya ƙara tsawo.

Zan sake saya. Amma wadda yanzu take koyon riƙe kwarashi ta fara da murzajjen zare tukuna, don warware kuskure a wannan sai mai haƙuri.