Kilim, mai ruwa ko fanka: me ya kamata ka saya a Yamai kafin Afrilu?

Ƙanena da ke Faransa ya kira ni yana murna, wai ya cire tukunyar gas da ke ɗumama masa gida ya sa famfon zafi, hayaƙin da gidansa ke jawowa ya ragu. Na ce masa, "Kai dai ka ji daɗinka, mu nan zafi kyauta ake ba mu." Sai da na ajiye waya na ɗaga kai na ga abin da yake yabo a maƙale a bangon ɗakina. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ita ma famfon zafi ce. Ba ta ƙirƙirar sanyi, zafin ɗaki take kwasa ta zubar waje, shi ya sa in ka tsaya bayan akwatinta na waje iska mai ƙuna ke bugun fuskarka. Tasu ta Turai juya aikin kawai take yi, ta kwaso zafi daga waje ta shigo da shi. Da awo ɗaya na wuta tana iya matsar da zafi ninki uku zuwa huɗu.

To mu a Yamai lissafinmu na sanyi ne, kuma yana da alaƙa da hayaƙi. Wutarmu wani ɓangare daga Najeriya take zuwa, wani daga injinan Goru Banda masu shan mai, waɗanda aka ƙaddamar a 2017. Tashar hasken rana mai megawat 30 da aka ƙara a can a 2023 ta taimaka, amma da dare, lokacin da kowa ke kunna kilim, rana ta faɗi. Duk abin da ya rage maka faktir ɗin wuta ya rage man da ake ƙonawa.

Fanka ba ta buƙatar dogon bayani. Tana cin wat 50 zuwa 75, ƙaramin faifan sola da batir na iya ɗaukarta. Amma a Afrilu, in zafi ya haura digiri 43, iskar da ke ɗakin take juya maka.

Na'ura mai ruwa, wadda ke jiƙa ciyawa ko takarda mai ramuka tana hura iska ta ciki, ita ce mutane ke rainawa, ni kuwa ita nake fara nuna wa mai ƙaramin ƙarfi. Dabarar randa ce: ruwa na tashi tururi, yana tafiya da zafi. Cinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cin kilim ba, kuma babu gas ɗin sanyaya irin na kilim a cikinta. A Maris da Afrilu, da iskar Yamai ta bushe ƙayau, tana aiki sosai, in dai ka bar taga a buɗe kaɗan. Aibinta biyu. Tana shan ruwa kullum, to in unguwarku famfo sai tsakar dare yake zuwa, ka yi tunani. Sannan da damina ta kusa, iska ta yi laima, sai ta zama fanka mai sa jiki danƙo.

Kilim ita ce inda kuɗi ke shiga, kuma nan ake yin kuskure. Ta gargajiya injinta ko dai yana gudu da ƙarfinsa duka ko ya mutu, kowane tashi kuma sai ya fizgi wuta har kwan fitila ya yi ƙifta. Wadda aka rubuta Inverter a kwalinta tana rage gudu in ɗaki ya yi sanyi, ta ci gaba a hankali. Ta fi tsada a shago, ta fi sauƙi a faktir, musamman ga mai kwana da ita kunne. Sai dai allon lantarkinta ba ya son wuta mai hawa da sauka, don haka ka haɗa da kuɗin na'urar daidaita wuta tun farko, ka kuma tambayi mai gyaran unguwarku ko ya iya taɓa irinta.

Abu biyu za ka duba a ƴar takardar da ke manne gefen akwatin waje, kar ka tsaya ga bakin mai shago. Na farko, T1 ko T3. T1 an yi ta ne don ƙasashen da zafinsu ba ya wuce digiri 43, T3 kuwa tana jurewa har 52. Na taɓa sayen T1 ta gwanjo, mai sayarwa yana rantsuwa, "Alhaji, wannan ko a Agadas sai ka nemi bargo." Da azahar ɗin farko ta Mayu ta yi shiru. Na biyu, irin gas ɗin. R22 tsoho ne, ana kawar da shi a duniya saboda yarjejeniyar Montreal, kuma shi ya cika kilim ɗin gwanjo. R410A in ya zube, kilo ɗaya na ɗumama duniya kamar kilo sama da 2,000 na hayaƙin kabon. R32 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wannan. A nan kuwa gas na zuba sosai, don da yawa masu haɗawa ba sa ɗaure bututu da kyau, sai dai a yi ta ƙari duk shekara.

Girma kuma, ɗakin kwana madaidaici doki ɗaya ko ɗaya da rabi, wato BTU (awon ƙarfin sanyayawa) 9,000 ko 12,000, ya ishe shi. In rufin kwano ne babu silin, ka fara sa silin, in ba haka ba rana kake biya wa faktir.

Masu juyawa su ɗumama ɗaki, irin ta ƙanena, akwai su, amma don sanyin Disamba da Janairu na ƴan makonni ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba. Ni yanzu mai ruwa ce a falo har zuwa ruwan farko, kilim T3 mai R32 a ɗakin kwana, na saita ta a 26 da fanka a sama, ina wanke mata raga duk sati biyu saboda ƙurar hunturu.