Gargaɗi ga masu manyan motoci: salansar rahusa tarko ce, indomin motarku (matatar hayaƙi) ake hari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wannan ne saboda abin da ya faru da ƙanina a Abuja, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya isar da shi ga masu sha'awar ƙara wa motocinsu ƙara.

Ƙanina yana da BMW M4 ƙirar 2016, irin mai rufin ƙarfe da ke naɗewa ya shige but, mai injin lita 3 da turbo biyu. Ya daɗe yana son salansar Akrapovič, wadda ake ƙerawa a ƙasar Sulobeniya da ƙarfen titaniyam, sai ya ga wani yana tallarta a Instagram a kan kuɗin da bai kai rabin farashinta na gaskiya ba. Mutumin ya ce wani ne ya yi odarta ya kasa biya, kuma ya gindaya sharaɗi guda: a garejinsa za a ɗaura, sannan a bar masa tsohuwar salansar a matsayin cikon kuɗi. A wannan sharaɗin duk cutar take, amma a lokacin ƙanina ya ɗauka sauƙi aka yi masa.

Motar ta kwana biyu a wurinsu. Da ya karɓo ta, ƙararta ta ƙaru ƙwarai, har ya yi ta yabon aikin. Bayan 'yan makonni fitilar gargaɗin inji ta kama, wani wari mai kaifi ya riƙa shigowa duk lokacin da ya sauke rufin, kuma matarsa ta fara kukan ciwon kai idan suka tsaya a cunkoso. Wani bakanike mai amana ya sa mata na'urar gwaji, ta nuna lambobin P0420 da P0430, waɗanda ke nufin matatun hayaƙin ɓangarorin injin biyu ba sa aiki. Da aka ɗaga motar aka kwance, sai aka tarar da gwangwanayen babu komai a ciki: an yanka su ta sama, inda ido ba ya kaiwa, an ƙwaƙule abin da ke ciki, aka mayar aka yi walda.

Wannan matata ita ce makanikai ke kira indomi, saboda cikinta ya yi kama da ƙullin taliyar. Tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma waɗannan ƙarafa su ne ake nema. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam ta haura dala 25,000 a kasuwar duniya. Farashin ya sauko daga baya, amma har yanzu akwai masu sayen garin indomi da awo. Aikin indomi shi ne mayar da iskar kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba su zama abin da ba shi da guba sosai. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, warin da ake ji na ɗanyen mai ne da ke tafe da ita, kuma a motar da aka sauke wa rufi iska tana juyowa daga baya ta shigo wurin zama. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin 'ya'yansa biyu a kujerar baya suke zama.

Don kada fitilar ta tona musu asiri da wuri, sun ɗaura wa sansar iskar oksijin ta baya, wato na'urar da ke auna hayaƙin da ya fito daga indomi, wani ɗan ƙarfe da ke janye ta daga tsakiyar hayaƙi, ta yadda kwamfutar motar za ta ɗauka komai lafiya. Salansar kuma jabu ce. Ƙarfe ne mara tsatsa na gama-gari, aka ƙona bakinta da wuta ya yi shuɗi irin na titaniyam, aka manna tambari. Kada kowa ya dogara da gwajin maganaɗisu a nan, domin irin wannan ƙarfen ma, kamar titaniyam, da ƙyar yake kama shi. Sikeli ne ke faɗin gaskiya: titaniyam bai kai kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙarfe mai girmansa ba, kuma kamfanin yana wallafa nauyin kowace salansa a shafinsa.

Abin da nake so a riƙe shi ne, sauya tukunyar salansa ta baya ba ya buƙatar a taɓa bututun da ke fitowa daga turbo, inda indomi take, ko kaɗan, kuma aiki ne na sa'o'i kaɗan wanda babu dalilin kwana a kansa. Duk wanda ya ce muku indomi ta toshe tana rage wa mota ƙarfi, ku nemi ya nuna muku hujjar a na'urar gwaji kafin ya kusanto da abin yanka. Ku ɗauki hoton ƙarƙashin motar kafin aiki, ku tsaya a kai ko ku bar wanda kuka yarda da shi, ku karɓi duk abin da aka cire ku saka a but, sannan ku aika wa kamfanin hoton kayan da lambobin da ke jikinsu ya tabbatar muku kafin ku tura ko sisi.

Da ƙanina ya koma, mutumin ya rantse cewa haka motar ta zo, kuma tun da babu rasit babu hoto, maganar ba ta je ko'ina ba. Ya rufe shafin a makon, amma na ga hotunan nan dai, da irin kalaman nan na wanda ya yi oda ya kasa biya, sun sake bayyana a wani sabon shafi da wani suna daban. Motar tana ajiye yanzu ana jiran sababbin bututu daga Jamus, kuma kuɗinsu ya zarce abin da ya biya na salansar.