Katin NHIS a Kumasi: abin da yake biya da abin da ba ya biya

Tun 2003 aka kafa inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, wato NHIS, amma har yau a unguwannin Aboabo da Asawase mutane da yawa ba sa sanin iyakar katinsu sai sun tsaya gaban tagar karɓar magani.

Wajen sabuntawa dai ba laifi. Ka danna *929# a wayarka, ka biya da MoMo (asusun kuɗi na waya), shi ke nan. Sai dai idan katin ya mutu fiye da wata 3, za ka jira wata 1 kafin ya fara aiki. Mai juna biyu ba ta wannan jira.

Katin yana ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, awon ciki da haihuwa har da tiyata. Ba ya biyan tabarau, haƙoran roba, ɗakin VIP ko kuɗin ajiye gawa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne magani. NHIS na da jerin magungunanta, da ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba. Likita ya rubuta wanda ba ya ciki, kai za ka biya. Wani lokaci kuma yana ciki, amma a ce ya ƙare, galibi saboda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu. Kafin ka bar ɗakin likita, tambaye shi ko akwai madadinsa a jerin. In aka nemi ƙarin kuɗi, ka nemi rasit.

Komfo Anokye, babban asibitin koyarwa na Kumasi, kuwa, in ba larurar gaggawa ba, tafi da takardar turawa daga ƙaramin asibiti.