Injin zuƙar ruwa da muka saya a unguwa, bayan damina guda yana aiki

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024, ranar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube, ni ina tsakar gidana da bokiti ina kwarfar ruwa, ruwan kuma yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofar zaure kamar ban yi komai ba. Ginin da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19 ya kasa jure markar wannan shekara, balle katangar tela irina. Tawa dai ba ta faɗi ba, amma ta sha ruwa har gwiwa. Gidaje biyu a layinmu sun kwashe kaya sun koma lakkol, kuma kowa na tune da cewa shekarar sai da aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28.

Da ruwa ya ɗauke muka zauna ƙofar mai unguwa, aka yanke shawarar kowane gida ya kawo jikka uku (sefa 3,000) a sayi injin zuƙar ruwa. Ni aka ɗora wa ajiyar kuɗin, wai tela ya iya awo da lissafi. Sai da na yi wata bakwai ina bin gida-gida kafin kuɗin su haɗu. A watan Mayu 2025 muka sayo shi a wani shago kusa da kasuwar Dole, jikka 90 har da tiyo.

Irin na masu lambu ne, ɗan China, mai bakin inci uku, mai shan isansi, ana tada shi da igiya. An kwaikwayi ƙirar Honda, har jan fentin. A jikin kwali an rubuta yana zuƙar lita 1,000 a minti guda. Tankinsa na cin lita uku da rabi da ɗan wani abu, man inji kuma bai kai lita ba. Samari biyu na ɗaga shi, amma mu a kurar 'yan garuwa muke tura shi.

Ƙarfi kam yana da shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Daren farko da muka fito da shi, cikin Agusta, ruwa ya kwanta a kwarin layinmu ya fara lasar gindin katangu. Samarin fada suka turo shi, ƙanena ya cika tukunyarsa da ruwa ta murfin sama (in ba a yi haka ba iska kawai yake zuƙa), ja biyu ya tashi. Cikin awa ɗaya da rabi ruwan da a 2024 ya kwana uku a wurin ya koma taɓo. Wata tsohuwa maƙwabciyata da ta fito da tocila ta tsaya tana kallo, ta ce mini, “Ɗana, ashe bara wahalar banza muka sha.” Na ce, “Inna, bara ba mu da jikka casa'in.”

Amma ga abin da mai shagon bai faɗa mana ba, ko dai shi ma bai sani ba: wannan injin ruwan rijiya da na tabki aka yi shi dominsa. Ruwan layi kuwa rabinsa leda ne, sauran yashi, kara da kashin awaki. Akwai injin da aka ƙera musamman don ruwa mai datti, cikinsa ya fi faɗi, kuɗinsa ma ya fi faɗi. Namu ɗan rariyar da ke bakin tiyonsa kowane minti goma sai leda ta liƙe ta, sai ka ji muryar injin ta canza, ruwan ya tsinke. A fita ta biyu wani yaro ya gaji da sa hannu cikin ruwa, ya cire rariyar gaba ɗaya. Tsakuwa ta shiga, ruwa ya daina hawa, injin ya ci gaba da gudu a bushe su kuma suna can suna hira. Abin da ke tare ruwa tsakanin tukunya da inji ya ƙone, ya fara yoyo. Bakaniken da na kai wa, wanda masu lambun Mirya ke kawo wa nasu, ya duba ya ce, “Maigida, wannan ƙishirwa ce ta kashe shi.” Jikka shida gyaran ya ci. Shi ne kuma ya ba mu dabarar da ta raba mu da matsalar: a huhhuda tsohon bokitin roba, a ɗora shi kan bulo biyu cikin ruwan, a zura bakin tiyo a ciki. Leda ta tsaya a waje, yashi ya zauna a ƙasa. Tun daga nan bai sake tari ba.

Alƙawarin lita 1,000 ɗin nan kuma a bar shi a jikin kwali. Da zarar tiyo ya yi tsawo, ko wurin da za a kai ruwan ya ɗan yi tudu, sai ka ga ya rage. Isansi yana shan kamar lita ɗaya da rabi a awa. A kan sefa 499 lita, ba shi ne zai karya asusu ba.

Rigimar da ta fi ta inji ita ce ina za a zuba ruwan. Damagaram gari ne da aka sani da ƙishirwa, amma ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, ba ta shanye ruwa da wuri, inda ka tura shi nan zai kwanta. Tiyon da muka sayo mita 30 ne, iyakarsa bakin layin baya. Daren farkon nan muna murna, ashe ruwanmu ƙofar mutane ya koma. Da asuba wani dattijo ya yi sallama a gidan mai unguwa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Ranka ya daɗe, mu me muka yi muku?” Gaskiyarsa. Sai da muka ƙara mita 40 don ya kai babbar magudana, mutanen layin baya suka biya rabi, yanzu injin na layi biyu ne. Duk mai shirin sayen irinsa, ya fara auna tazarar nan da ƙafarsa kafin ya je kasuwa. Kuɗin tiyo na iya ba shi mamaki.

Abu biyu na lafiya. Kada a tada shi cikin zaure don gudun ruwan sama. Mun yi haka sau ɗaya, ƙanena ya fito yana layi da ciwon kai. Hayaƙin isansi a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Yanzu tabarmar roba muke kafa masa a waje. Sannan ruwan nan ya riga ya gauraya da na masai, don haka muka sayi takalman roba huɗu, kuma duk wanda ya taɓa tiyo sai ya wanke hannu da sabulu da ruwan jabel kafin ya kusanci tuwo.

Katangar da ta riga ta jiƙe kuwa ba ruwan inji da ita. Ɗakin wani maƙwabcinmu ya tsage kwana biyu bayan mun zuƙe ruwan tas, sa'a an riga an fitar da yara. Na rubuta lamba 18 ta 'yan kwana-kwana da fenti a jikin kurar, saboda ranar da abu ya wuce na bokiti da tiyo.

In an tambaye ni ko a saya, zan ce a saya, amma a haɗa da bokiti mai huda, doguwar tiyo, buji na ajiya, da mutum ɗaya tak da aka san shi ke tada shi. Yanzu yana shagona ƙarƙashin teburin yanka. Na tsiyaye masa ruwa da isansi don kada mai ya daskare ya toshe shi, kuma duk farkon wata nakan zuba kaɗan in tada shi minti biyar, da ruwa a tukunya. Shekaranjiya wani mai lambu ya zo neman haya na rani, jikka biyu a yini. Kuɗin za su sayi isansin damina mai zuwa, amma na ga yadda masu lambu ke dawo da inji. Na ce masa ya bari sai Juma'a bayan la'asar, in an taru ƙofar mai unguwa.