Uno, Pico ko ESP32: kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Arduino Uno, Raspberry Pi Pico da ESP32 ƙananan alluna ne na lantarki da ake loda wa manhaja don su sarrafa na'urori. Wanda ya duba farashi kawai zai ce Pico ya gama da kowa. Dala 4 aka sa masa tun fitowarsa a 2021, alhali Arduino Uno na asali ya haura dala 20, ga shi ƙwaƙwalwar aikinsa KB 2 ce tak, ta Pico kuwa KB 264. Sai dai Pico na dala 4 tsirara yake zuwa, babu fil, wato ƙafafun ƙarfe da ake haɗa waya da su, ko ɗaya a jikinsa. Fil 40 za ka liƙa da dalma da hannunka, in ba ka da ƙarfen dalma, kuɗinsa kaɗai ya ninka na allon. Akwai Pico H mai fil a liƙe, dala 5.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne wajen wuta. Uno da volt 5 yake aiki, Pico da ESP32 kuwa 3.3, kuma ƙafafunsu ba sa jure 5. Ɗauki HC-SR04, na'urar auna nisa da ke cikin kusan kowane kunshin masu koyo: ƙafar Echo ɗinta volt 5 take fitarwa. A Uno sai ka soka waya kawai. A Pico dole ka raba wutar da rizisto biyu, 1k (ohm 1,000) daga Echo zuwa ƙafar allon, 2k daga nan zuwa ƙafar ƙasa ta allon (GND). Wanda ya tsallake wannan, ƙafar na iya yin aiki kwana biyu sannan ta mutu shiru, ya yi ta zargin manhajarsa.

Idan aikin na buƙatar intanet, lissafin ya juye. Uno R3 ba shi da WiFi, ESP32 kuwa da nasa yake zuwa. Amma ESP32 maci wuta ne: lokacin da yake aika saƙo yana jan miliamfiya sama da 200 a bugu ɗaya. Da siririn kebul mai arha sai wutar ta faɗi, allon ya yi ta mutuwa yana tashi. Maganin kebul gajere mai kauri ne, da kafasita ta mikrofarad 470 kusa da inda wuta ke shiga. Ƙafafun ESP32 masu auna ƙarfin wutar da ke zuwa daga firikwensin rukuni biyu ne, ADC1 da ADC2: na ADC2 ba sa karanta komai muddin WiFi na kunne, don haka a haɗa firikwensin da na ADC1. Masu son batir su kula: guntun ESP32 kansa (chip ɗin da ke kan allon) abin da yake sha in yana barci bai taka kara ya karya ba, amma regiletar AMS1117 mai daidaita wuta da fitilar da ke kan allunan arha su ne ke tsotse batirin cikin 'yan kwanaki.

Kwafin Uno mai guntun CH340, wanda ke haɗa allon da kwamfuta ta USB, ba laifi, direbansa kawai za ka saka a kwamfuta. Blue Pill kuwa, wani allon mai guntun STM32, arharsa tarko ce ga sabon shiga: sai ka sayi na'urar loda manhaja ta ST-Link kafin ka loda masa komai cikin sauƙi, jabun guntu sun yi yawa, wasu allunan ma an sa musu rizisto 10k a layin USB maimakon 1.5k, sai kwamfuta ta ƙi gane su.