Hattara da 'yan canjin bakin titi a ƙasar waje

Jama'a, duk wanda ya tare ku a bakin titi ko a tashar jirgi a ƙasar waje yana cewa zai canza muku kuɗi a farashin da ya fi na banki, ku wuce abinku. Farashin tarko ne, satar tana wajen ƙirga.

Zai ƙirga kuɗin a gabanku, da gangan ya rage takarda ɗaya. Ku ƙirga, ku ga bai cika ba, ku yi magana. Sai ya ba da haƙuri, ya karɓi damin, ya ɗora takardar a sama kuna kallo. Lokacin da idonku ke kanta, yatsunsa sun zare wasu daga ƙasan damin, ko ya musanya shi da wani mai manyan takardu a waje, ƙanana a ciki. Ku kuwa hankali kwance, ai kun riga kun ƙirga. Wani lokaci abokin aikinsa ke fitowa yana cewa ga 'yan sanda nan, don ku tafi da sauri. Saboda haka in kuɗin ya sake taɓa hannunsa, ku sake ƙirgawa daga farko, kuma kada ku miƙa naku sai nasa ya shiga aljihunku.

Abin da ya fi ciwo shi ne kuɗin da ba ya aiki. Baƙo bai san kamannin kuɗin ƙasar ba, kuma sun san haka. A Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, an sha miƙa wa baƙi tsofaffin rubul, kuɗin ƙasar Belarus, a madadin koruna, kuɗin Cek. A Ingila, Fam 20 da Fam 50 na takarda sun daina aiki a shaguna bayan 30 ga Satumba 2022, na roba ake karɓa. Kafin ku tashi, ku duba hotunan kuɗin a shafin babban bankin ƙasar.

Shago mai lasisi ma a yi masa ido biyu. Allon "babu kwamisho" na iya ɓoye mummunan farashi. Ku ce a rubuta muku jimillar abin da za ku karɓa kafin ku ba da komai, ku karɓi rasit. A Cek, tun 2019 doka ta ba mutum awa 3 ya fasa canjin da bai wuce Yuro 1,000 ba, a wurin da ya yi shi, don haka ku adana rasit ɗin.