Akantan kantin wiwi a Amurka: wadda zan sake ɗauka da waɗanda na tuba da su

Kafin wani ya taso mini da wa'azi: a Najeriya da Nijar doka ta haramta tabar wiwi, wanda ya taɓa ta a Kano ko Maraɗi shi da hukuma. Zancena na Kolorado ne, jihar Amurka da masu zaɓe suka halatta ta a 2012, aka buɗe kantunan sayar da ita ranar 1 ga Janairun 2014. A can na yi shekaru ina riƙe da littafin lissafin wani kanti mai lasisi a gefen birnin Denba. Ba na sha, ban ce kowa ya sha ba, hukuncin aikin a addini kuwa kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na sani lissafi ne, kuma na ga yadda akanta guda ya kusa rufe kantin da ciniki bai taɓa yanke masa ba.

Abu ɗaya tun da wuri ga 'yan'uwa baƙi: idan ba ka zama ɗan ƙasa ba tukuna, kada ka kusanci wannan sana'a, ko da sharar kantin ce. A watan Afrilun 2019 hukumar shige da fice ta USCIS ta bayyana cewa aiki a harkar wiwi na iya hana mutum takardar zama ɗan ƙasa, ko da jihar da yake ciki ta halatta. Wannan ba akanta ke gyara shi ba.

Dalilin da ya sa akantan wannan kasuwa ya bambanta da na mai gidan abinci sashe ne guda a dokar harajin tarayya, 280E. Asalinsa abin dariya ne. Wani dillalin ƙwaya a Miniyafolis, Jeffrey Edmondson, ya je kotun haraji yana neman a cire masa kuɗin haya, kuɗin waya da na sikeli daga ribarsa kamar kowane ɗan kasuwa, kotu kuma ta ba shi gaskiya a 1981. Majalisa ta fusata, a 1982 ta rubuta cewa mai fataucin abin da ke rukuni na ɗaya ko na biyu na haramtattun ƙwayoyi ba za a cire masa ko kwabo na hidimar kasuwanci ba. Dokar 1970 kuwa a rukuni na ɗaya ta ajiye wiwi. A shekarun da na yi a can, sai ga jiha ta ba ka lasisi, tarayya kuma tana yi maka lissafin dillalin lungu. Abin da kawai aka bar maka shi ne kuɗin sayo hajar kanta.

Ga misali, don kowa ya gani da idonsa. Ka yi cinikin dala 1,000,000 a shekara. Ka sayo haja ta 550,000. Haya, albashin masu tsaron kanta, masu gadi, wuta da talla sun ci 380,000. Abin da ya rage a hannunka 70,000. Mai kantin takalmi da ya yi rajistar kamfani zai biya kashi 21 cikin ɗari na wannan 70,000, wato 14,700. Kai kuwa za a yi maka lissafi a kan 450,000, ka biya 94,500. Harajin ya cinye ribar, ya taɓa uwar kuɗi. Duk wanda za ka ɗauka, a nan za ka fara gwada shi.

Masu shagon cike takardar haraji da ke buɗewa daga Janairu zuwa Afrilu, ka wuce su, aikinsu ma'aikacin albashi ne. Ɗan'uwa ko abokin da ya iya manhajar lissafi ta QuickBooks, ka bar zumunci a gida. Kamfanonin da ke riƙe maka littafi ta intanet a farashi mai sauƙi suna da kyau wajen jera rasit, amma ranar da wasiƙar hukumar haraji ta zo ba ka san ƙofar da za ka buga ba. Manyan kamfanonin akanta kuwa sun iya aikin, sai dai mai kanti ɗaya ba zai ga fuskar babban ba, yaron da aka ɗauka bara za a tura masa, kuma kowane kiran waya da kuɗinsa.

Mu abin da muka fara ɗauka bai ma shiga wannan jeri ba. Wani ne da ke kiran kansa masanin harajin wiwi, mai kwat da daɗin baki, aka haɗa shi da maigidana a wani taron 'yan kasuwar. Ya duba takardunmu minti goma, ya ce mun daɗe muna yi wa gwamnati sadaka. Dabararsa biyu. Ta farko, ya kwashe hayar kanti da albashin masu sayarwa ya tura su cikin kuɗin haja. Ta biyu, ya buɗe mana wani kamfani na daban a takarda, wai mai kula da ma'aikata, don albashi ya bi ta can a cire shi. Harajin shekarar ya zube ƙasa, maigida ya yi ta murna har ya sayi mota. Ni na lura da abu ɗaya na yi shiru, kuma har yau shirun yana damuna: gurbin da mai cike takarda ke sa hannu da lambarsa fayau yake. Na tambaya, ya ce ai maigida ne mai kasuwa, sa hannunsa ya wadatar.

Bayan shekara biyu wasiƙar IRS, hukumar harajin tarayya, ta iso. Ina tuna daren. Mun rufe kanti, injin ƙirga kuɗi na ta ƙara, daloli na warin ganye kamar kullum, maigida ya zauna a kan akwatin ƙarfe yana karanta shafi guda sau uku. Ya kira lambar mutumin, an ce ba ta aiki. Ashe duk dabarun biyu kotu ta riga ta yi watsi da irinsu. A 2018 kotun haraji ta yanke wa Harborside, babban kantin nan na Oklan a Kalifoniya, cewa mai sayar da abin da ya saro ba zai faɗaɗa kuɗin haja yadda ya ga dama ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021. A 2018 ɗin dai, a shari'ar Alternative Health Care Advocates, kotu ta ce kamfanin kula da ma'aikata shi ma 280E ta hau kansa. Muka biya harajin da aka ɓoye, da tarar kashi 20 cikin ɗari, da kuɗin ruwa tun daga ranar da ya kamata a biya. Motar ce ta fara tafiya.

Wadda ta fitar da mu ita ce irin da nake so kowa ya nema: ƙaramin ofishi, akanta mai lasisin CPA, wato lasisin ƙwararrun akantoci na jihar, wadda yawancin masu hulɗa da ita 'yan wannan kasuwa ne. Ranar farko ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta nemi abu uku a kan tebur: rahoton injin ciniki, rahoton Metrc, da takardar banki. Metrc shi ne tsarin da jihar ke bin kowane tsiro da kowane ƙunshi da lamba, tun daga gona har hannun mai saye. Ta ce idan waɗannan uku ba su yi magana da baki ɗaya ba, duk sauran lissafi tatsuniya ce. Suka kuwa saɓa. Ta sa muka rufe ƙofa da wuri, muka fito da sikeli, muka auna kwalba bayan kwalba, ita da kanta tana rubutawa a tsaye. Giram ɗin da suka ɓata ba sata ba ce, ganye ne ya bushe ya rage nauyi, wani kuma samfurin da aka lalata ba a shigar ba. Amma ba wanda ya rubuta, kuma abin da ba a rubuta ba mai binciken haraji ciniki yake ɗaukarsa.

Abin da ya sa na fifita irinta ba ilimin dokar kaɗai ba ne, littafi na nan kowa zai karanta. Tana rufe lissafi kowane wata, ba ta jira ƙarshen shekara. Ta sake tsara littafinmu ta yadda kowace dala tun shigarta an san ko ta haja ce ko ta hidima. Kowane mako tana sa mu ware kuɗin haraji a asusu na daban, maigida yana gunaguni tana yi kamar ba ta ji ba. Ita ta nuna mana cewa Kolorado, a nata harajin na jiha, tana barin mai lasisi ya cire abin da 280E ta hana, kuɗin da na farkon bai ko nema mana ba duk da kurinsa. Ita ta zaunar da maigida ta bayyana masa cewa irin rajistar da ya yi wa kamfanin tana jawo harajin kan aljihunsa kai tsaye, a kan ribar da bai taɓa gani ba. Ga harajin jiha na kashi 15 cikin ɗari a kan cinikin kanti, ga na birni a kai, kowanne da ranarsa, ba ta taɓa bari ɗaya ya wuce ba. Kuma da aka zo zama da mai bincike, ita ta je da takardar wakilci mai lamba 2848, mu muna kanti muna ciniki.

Tana da tsada, ba zan ɓoye ba. Abin da take karɓa a wata biyu ya kai abin da wancan ya karɓa a shekara. Araha dai ba ta ado. Idan aljihu bai kai ba, akwai masu lasisin da IRS da kanta ke bayarwa, waɗanda ake kira EA. Su ma suna da ikon tsaya maka a gaban hukumar, kuma nagari a cikinsu ya fi CPA da bai taɓa ganin Metrc ba. Idan kuma gona gare ka ba kanti ba, ka nemi wanda ya saba da lissafin masana'anta, domin manomi na da damar sa albashin masu aikin gona da wutar ɗakin shuka cikin kuɗin haja, abin da mai kanti ba shi da shi.

Yanzu ga 'yan damfara, don sun fi akantocin kirki yawa a bakin ƙofa. Wanda ya ƙi sa hannu da lambarsa ta PTIN, wadda IRS ke bai wa masu cike takardar haraji, a takardar da ya cike, tashi ka ba shi wuri, doka ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi don wannan aiki ya sa. Wanda ya ce ladansa kaso ne daga abin da ya rage maka, ƙa'idar aikin ta hana haka a takardar harajin shekara, kuma ka san inda zuciyarsa za ta karkata. Wanda ya ce CPA ne, kada ka yarda da takardar da ya rataye a bango, sunansa na nan a shafin hukumar akantocin jihar in da gaske ne, minti biyar ya isa. Akwai masu ambaton shari'ar CHAMP ta 2007 kamar laya, wai ka ajiye riguna da kofi a lungun kanti ka ce kasuwa biyu gare ka, don a cire maka hidimar ta biyun. A waccan shari'a CHAMP ƙungiya ce da ke bai wa marasa lafiya wiwi, amma da gaske take jinyar su, shi ne babban aikinta. Da wani mai kanti a San Faransisko ya gwada irin wannan a shari'ar Olive ta 2012, kotu ba ta karɓa ba.

Mafi haɗari shi ne mai ba da shawara kan tsabar kuɗi. Kasuwar nan ta tsaba ce, don bankuna da yawa na tsoro duk da jagorar da FinCEN, hukumar tarayya mai sa ido kan laifukan kuɗi, ta fitar musu a 2014, kuma ƙudirin SAFE, na kare bankunan da ke hulɗa da masu wannan kasuwa, ya sha wucewa a majalisar wakilai yana maƙalewa a ta dattawa. Wanda aka biya shi tsaba sama da dala 10,000 a ciniki guda dole ya cike fom 8300 cikin kwana 15. Sai ka ji wani ya ce ka rarraba, ka kai banki dubu tara yau, dubu tara jibi, don kada bankin ya rubuta wa gwamnati rahoto. Rarrabawar kanta laifi ce a dokar tarayya, ko da kuɗin halalinka ne, kuma wannan ba tara kaɗai ba ce, har da gidan yari. Haka mai cewa ka ɗan ranci harajin da aka cire daga albashin ma'aikata ka cike giɓin wata. Wannan bashi ba ya tsayawa a kan kamfani, har gida yake bin mai sa hannu a cek. Kada kuma ka yi tunanin kotun fatara za ta rufa maka asiri, ta tarayya ce, kuma ta sha korar kamfanonin wiwi daga ƙofarta.

Wani salon da ya fito a 2024 shi ne cinikin buri. Tun da gwamnatin tarayya ta gabatar da shawarar maida wiwi rukuni na uku a watan Mayun 2024, wasu suka fara yawo suna cewa a gyara takardun shekarun baya a karɓo kuɗi, ai manyan kamfanonin wiwi irin su Trulieve sun nema. Gaskiya ne 280E ba ta taɓa rukuni na uku. Amma a watan Yunin 2024 IRS ta fito fili ta ce waɗannan buƙatun maida kuɗi ba su da tushe. Babban kamfani yana da lauyoyi da ajiyar da zai jure shari'ar shekaru, kai kanti ɗaya gare ka. Tambayi wanda ke zuga ka ko zai sa hannu, ko zai bayyana wa IRS wannan matsayi a fili a fom 8275, ko inshorar aikinsa ta rufe masu harkar wiwi. A tambaya ta biyu yawanci ake fara duba agogo.

Ranar da za ka zauna da wanda kake son ɗauka, tafi da rahoton wata guda na ciniki, na Metrc da na banki, ka ajiye masa ba tare da bayani ba. Ka tambaye shi kantuna nawa irin naka yake riƙe da su, sau nawa ya zauna da mai binciken IRS kan 280E, kuma wa zai ɗaga waya idan ka kira a watan Agusta. Sannan ka nemi yarjejeniya a rubuce: me zai yi kowane wata, nawa ne, wakilci a lokacin bincike yana ciki ko kuɗinsa daban, kuma littafin da kalmar sirrinsa naka ne ranar da kuka rabu. Wannan na ƙarshen mu ba mu rubuta ba da na farko. Wata uku na yi ina sake shigar da rasit na shekara biyu da hannu, daga cikin kwalayen takalmi.